Sista Ummu da Ciyawar Teku

Duk wanda ya taɓa kai majinyaci wankin ƙoda a babban asibitin da ke maƙwabtaka da Gyadi-Gyadi, a shekarun da Sista Ummulkhairi take bakin aiki, ya san muryarta kafin ya san fuskarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tafiyarta kullum da sauri kamar ta bar tukunya a kan wuta. Ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. In likita ya hana mutum gishiri, ita kuma ta kama matarsa a baranda da kwanon miyar da ta ji magi, to ranar har masu gadin bakin ƙofa sai sun san an yi laifi. Mutane suna cewa masifaffiya ce, kuma ba ƙarya suka yi mata ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne allurarta ba ta kuskuren jijiya, kuma majinyatan da suka fi shan faɗanta su ne suke tambaya ko tana nan kafin su yarda su hau gado.

A Gyadi-Gyadi aka haife ta. Mahaifiyarsu ta rasu tana 'yar firamare, sai riƙonta ya koma hannun yayarta Hasana, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Yaya Hasana ba ta yi boko ba, amma ita ta tsaya kai da fata sai da ƙanwarta ta yi. Mace ce mai sanyin magana da zafin hannu. Ba ta iya ganin tabo ta wuce shi, ba ta kuma iya ganin ganye ya lalace. Zogale, rama, kuɓewa, tumatir, duk abin da ya yi yawa a gidanta na Hotoro sai ta wanke shi tas, ta baza a faifai, ta ƙulle a leda don gaba. Duk bikin da za a yi a dangi ita ake kira ta riƙe gida, kuma in ta shigo da tsintsiyarta, mai gidan ma sai ya nemi wurin zama a waje.

Ta hanyar aiki kifi ya shigo rayuwar Ummulkhairi. An tura ta Legas kwas a kan injin wankin ƙoda. Wata ranar hutu ta shiga wani shago tana neman inuwa, sai ta yi arba da akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da wasu ƙananan kifaye masu launin da ba ta taɓa zaton akwai shi a jikin kifi ba. Ita tarwaɗa da karfasa ta sani. Ta tsaya ta yi ta kallo har mai shagon, wani dattijo, ya gaji ya miƙo mata kujera. Da ta tambaye shi yadda ruwan yake zama garau haka, sai ya buɗe kabad ɗin da akwatin yake kai. A ciki akwai ƙaramin baho na gilashi da ƙwan fitila a samansa. Ruwa yana gangarowa daga akwatin ya ratsa bahon, famfo ya mayar da shi sama. A cikin bahon kuwa wata koriyar ciyawa ce a cukurkuɗe, siri-siri kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

Dattijon ya yi mata bayani. Kifi yana ci yana kashi a cikin ruwan da yake rayuwa, abincin da ya rage yana ruɓewa, kuma dattin narkewa yake yi, ido ba ya ganinsa. A teku ruwa yana da yawa, abin ba ya damun kowa. A akwati kuwa taruwa yake yi har ya zama guba, ruwa yana ƙyalli kifi yana mutuwa. Ita wannan ciyawar teku, dattin nan shi ne abincinta. Tana zuƙe shi tana girma, in ta cika bahon sai a yagi rabi a zubar, dattin ya bi ta ya bar ruwan.

"Ashe ƙoda ce," in ji Ummulkhairi da Hausa, ita kaɗai. Dattijon bai fahimci abin da ta ce ba, amma da za ta koma Kano ya yago mata dunƙule guda ya saka a kwalba.

Daga nan wahala ta fara, kuma ita ta jawo wa kanta da hannunta. Akwai wani mai yankan gilashi a Gyadi-Gyadi, Tanko, wanda tagogi da kantar shago kawai ya sani. Ta tsaya a kansa har ya haɗa mata akwati da baho. Na farko ya yi yoyo, ta yi masa tatas a gaban masu ciniki, ya sake wani. Tun daga ranar suka zama abokan faɗan da ba sa rabuwa. Gishirin kasuwa ba ya yi, sai wani na musamman da ake aiko mata a buhu daga Legas. Ruwan burtsatse ba ya yi sai an tace. Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta, don haka da suka sa sola a gidansu na Tarauni, famfon kifi aka fara jonawa kafin firij. In garin ya ɗauki zafi gab da damina, sai ka gan ta tana jefa gorunan ƙanƙara a bahon tana mita, gumi yana bin wuyanta.

Mijinta, Malam Ɗahiru, ma'aikacin gwamnati ne mai son zaman lafiya fiye da kima. Duk abin da aka ce masa, amsarsa "to" ce, a ofis da gida. Dangi kuwa ba su raga mata ba. Kifin da ba a soyawa, in ji su, ga gishiri ana narkarwa a ruwa ana zubarwa, ga gansakuka a kabad ɗin falo, wai a gidan ma'aikaciyar lafiya guda. Ta sha gaya musu ba gansakuka ba ce, har ta gaji ta koma cewa duk wanda abin ya dama ya daina shiga falonta. Ba wanda ya daina, sai dai aka koma yin gulmar a tsakar gida.

Kifayen ba su da yawa. Akwai shuɗi guda, da wani rawaya mai tsinin baki, da 'yan dodon koɗi masu lasar gilashi. 'Yan gaban goshinta kuwa wasu biyu ne masu ruwan lemo da farar ɗamara. Macen ta fi girma da faɗa, har yatsan Sista take cizo in ta sa hannu a ruwan, shi ya sa ta raɗa mata Gwaggo. Namijin ɗan ƙarami ne mai bin bayanta, shi ne Kawu. Malam Ɗahiru ya taɓa cewa kamar ya san wasu ma'aurata masu irin wannan zama, ta harare shi, ya mayar da kai kan rediyonsa.

Kifayen nan sun fi shekara goma a wurinta. Tana son su so na gaske, kuma ta san dalili. A asibiti duk yadda ta tsaftace jinin mutum, kwana biyu sai ya dawo mata da datti, wata rana kuma ta ga gadonsa da wani a kai, a ce mata wancan ya rasu. A falonta ne kaɗai take tsaftace abu ya zauna da ransa. Ranar Asabar takan tsuguna gaban kabad ɗin, ta juya dunƙulen ciyawar don kowane gefe ya sami haske, ta yagi abin da ya yi yawa, sannan ta ɗebi ruwa a 'yar kwalba ta ɗiga maganin gwaji ta ɗaga sama. In ya tsaya rawaya, lafiya ke nan. In ya fara ja, datti ya taru. Shekara da shekaru bai yi mata ja ba, kuma iyakar saninta duk Kano babu mai irin ciyawar nan sai ita.

Da ta yi ritaya sai Allah ya kira ta aikin Hajji. Ana gobe za su shiga sansanin alhazai ta ja mijinta gaban akwatin.

"Malam, abinci ɗan tsunkule ne sau ɗaya a rana, ko sun yi maka kallon yunwa kada ka ƙara. In ruwa ya sauka daga wannan layin ka cika da tatacce. Fitilar ƙasa kada ta mutu. Ciyawar nan kuwa, ko ta cika ta tumbatsa, kada wanda ya taɓa min ita."

"To," in ji Malam Ɗahiru.

Yaya Hasana ce ta raka ta har ƙofar sansani. Ta gyara mata mayafi ta ce, "Ummu, faɗan nan naki ki baro shi can. Ki dawo mana da sanyin zuciya." Ummulkhairi ta yi alkawari, kuma har zuciyarta ta yi shi. A duk inda aka ce addu'a tana karɓuwa sai da ta roƙi Allah ya ɗaure mata harshe.

A Kano ba a barin alhaji ya dawo ya tarar da gida yadda ya bar shi. Sai an yi fenti, an wanke labule, an fitar da kujeru an kakkaɓe, don baƙi za su yi ta shigowa barka da dawowa. Tun kafin jirginsu ya taso Yaya Hasana ta tare a Tarauni da tsintsiya da buhun omo.

Ummulkhairi ta shigo cikin guɗa, mata cike da tsakar gida, ana rungumarta ana kiranta Hajiya. Ita kuwa idonta yana ƙofar falo. Gilashin akwatin yana ta sheƙi, an goge shi har ba ka ganin sawun yatsa. Amma ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa, duwatsun ciki sun yi wani jan yauƙi, dodon koɗin sun zube a ƙasa, shuɗin kifin yana sama yana haki. Ta tsuguna da kayan tafiyarta ta buɗe kabad. Bahon fes yake, babu ko silin ciyawa, sai ƙamshin omo.

"Yaya," ta ce, muryar da ƙyar ta fito. "Ina ciyawata?"

Yaya Hasana ta taho tana murmushi tana goge hannu da gefen zani. "Kwantar da hankalinki, Hajiya, tana nan. Ai na san yadda kike ji da ita. Na tarar ta cika ta cushe, ga ƙarni, ga baƙi za su cika falo. Na ce in aka bar ta a ruwan nan ruɓewa za ta yi kafin ki dawo." Ta shiga ɗaki ta fito da leda a ƙulle tam. "Na wanke ta da ruwan famfo har sai da gishirin ya fita, na sami rana mai kyau na shanya miki. Ko sili ban zubar ba."

Ummulkhairi ta kwance ledar. Abin da ke ciki ya koɗe, ya bushe ƙayau, tana taɓawa yana marmashewa a yatsunta.

"Kifin ma na ga sun rame," in ji Yaya Hasana. "Wannan ɗan tsunkulen na Malam ai rowa ce. Safe da rana da yamma nake zuba musu, har da ɗan burodi."

Ummulkhairi ta dubi ledar da ke hannunta. Kunnuwanta suka ɗauki zafi. Babu azabar da ta kai a ɓata maka abu da kyakkyawar niyya, sannan a tsaya a gabanka ana jiran godiya. Ta buɗe baki, sai ta ji wata tsohuwar maƙwabciya daga kan tabarma tana cewa, "Ai alamar an karɓi Hajji a hali ake gani. Ku duba Sista yadda ta yi sanyi, tun da ta shigo ko ɗaga murya ba ta yi ba." Mata suka ɗauka da masha Allah. Ta rufe bakin, ta haɗiye maganar da ƙyar, ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Sannan ta ƙulle ledar ta ajiye a kan kabad.

Mijin ta samu a ɗaki, ta tura ƙofa, ta yi masa faɗan da raɗa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

"Me na ce maka, Malam? Me na ce maka a gaban akwatin nan?"

"Na faɗa mata, wallahi na faɗa mata kin ce kada a taɓa. Ta ce ai ba zubarwa za ta yi ba, gyarawa za ta yi. Ni ne zan ja da Yaya Hasana? Ta ce in ba su wuri za su yi wanke-wanke, na fita."

"Ka fita."

"To ya zan yi, Hajiya?"

Ta kalle shi daga hula har takalmi, ta ga babu inda za ta kama, ta juya ta fita.

Da ta ɗiga maganin gwaji, ruwan kwalbar ya yi ja kamar zoɓo. Ciyawa ta tafi, omo ya kashe ƙananan halittun bahon da suke taya ta aiki, ga ruɓaɓɓen burodi a ƙarƙashin duwatsu. Abu ɗaya ya rage mata, ta riƙa zuƙe ruwan akwatin kaɗan-kaɗan tana haɗa sabo da gishiri tana zubawa. Wankin ƙoda dai ta koma, amma da bokiti da tiyo. Baƙi kuma ba su yanke ba. Ta zauna ta raba dabino da zamzam, ta ɗaga hannu ta yi wa masu neman addu'a addu'a, da sun juya baya ta ruga ta kama bokiti. Tana murmushi tana amsa gaisuwa, hankalinta yana kan akwatin. Ragowar gishirin buhu yana ta ja ƙasa.

Rawayan ne ya fara mutuwa, shuɗin ya bi shi. Ta kira shagon Legas, ashe dattijon ya rasu, 'yarsa ce take riƙe da wurin. 'Yar ta yarda ta aiko da ciyawa ta hannun direban da yake kawo wa Tanko kaya. Motar ta lalace a hanya, kwalbar ta kwana ta yini a bayan mota cikin rana. Da Tanko ya buɗe murfin a shagonsa sai da ya toshe hanci. "Hajiya, wannan ai ta dahu," in ji shi. Ba ta tanka masa ba, kuma hakan ya fi faɗanta ba shi tsoro.

Ranar walima aka kafa rumfa a ƙofar gida, malamai suna karatu a waje, mata sun cika ciki, Yaya Hasana tana kan tukwane. Ummulkhairi ta leƙa falo cikin sabon leshinta, sai ta ga Kawu kwance a kan yashi, Gwaggo tana zagaya shi tana tunkuɗarsa da baki. Ta sa raga ta ɗago shi. Tana tsaye da shi a hannu yayarta ta shigo da faranti.

"Ayya, wani ya sake mutuwa? Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Miƙo shi in jefa wa kyanwa, ki zo ana jiranki."

Nan igiyar ta tsinke. Idon Ummulkhairi ya rufe.

"Kyanwa? Kyanwa, Yaya? Kin kashe min abin da na fi shekara goma ina raino, ki ce a ba kyanwa? Wa ya sa ki? Wa ya aike ki kabad ɗina? Ciyawar nan ta ruwa ce, a ruwa take rayuwa, bushewar nan ita ta kashe ta! Wa ya ce miki kuka ce ko zogale? Komai kika gani sai kin wanke, komai sai kin shanya! Ba kya tambaya, ba kya jin a'a, kin shiga gidan mutane kin kori mai gida waje kin yi yadda kika ga dama, sannan a ce miki sannu da aiki! Na gaji da sannu da aikin nan!"

Gidan ya yi tsit, har ana jin karatun malamai daga waje. Yaya Hasana ta tsaya da farantin a hannu.

"A kan kifi, Ummu? A gaban mutane?"

Ta ajiye farantin a hankali a kan kujera, ta ɗauki mayafinta ta fita, ba ta ko yi wa kowa sallama ba. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Daurawa cewa Hajiya ta je ta dawo da halinta, kuma waɗanda suka fi yaɗa shi su ne waɗanda suka fi cin shinkafar walimar. Ummulkhairi ta ji kunya, amma fushinta ya fi kunyar yawa. Malam Ɗahiru ya lallaɓo ya ce ya kamata ta je Hotoro ta ba da haƙuri. Ta ce za ta je, amma sai ta ga Gwaggo ta tashi.

Gwaggo ta rage ita kaɗai. Ta daina cizon yatsa, ta koma lungun dutse tana numfashi da sauri, amma tana nan. Ummulkhairi ta rage yawan ruwan da take canjawa don gishirin ya kai ta, tana kankare gindin buhu da cokali. Sai Allah ya kawo wata tsohuwar ɗalibarta da za ta taho daga Legas ta jirgi. Ta yarda ta biya shagon ta karɓo ciyawa da ƙullin gishiri, ta ce za ta ajiye a wurin Tanko tunda nan ne kusa da masaukinta.

Da safe bayan an sha ruwan sama Ummulkhairi ta hau a-daidaita-sahu ta nufi Gyadi-Gyadi. Tanko ya fito da babbar kwalba daga ƙarƙashin tebur yana riƙe da ita da hannu biyu.

"Hajiya, yau dai ba faɗa ko?"

Ta ɗaga kwalbar a haske. Koriya shar, a cukurkuɗe, da ranta, tana lilo a cikin ruwan gishiri garau. Ummulkhairi ta yi dariya, karo na farko tun da ta sauka daga jirgi. Ta ce masa, "Yau ka tsira, Tanko." A hanyar komawa ta ɗora kwalbar a cinya ta rungume, tana yi wa mai a-daidaita faɗa ya bi ramuka a hankali.

A ƙofar falo ta ga silifas sun yi kaca-kaca da baƙin taɓo, kuma ta san mai su. Wani wari ya doke ta, warin kududdufi. Ta ɗaga labule. Yaya Hasana tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, zaninta a jiƙe har cinya, ga babban bokiti babu komai a gefenta. Malam Ɗahiru yana tsaye a bakin ɗaki yana murza hannu. Kabad a buɗe yake. Bahon ya cika da gansakuka mai yauƙi da kainuwa da laka, famfo kuma ya riga ya tura komai sama. Ruwan akwatin ya yi duhu, ko duwatsun ba a gani.

"Ummu, na biya ki," in ji Yaya Hasana, muryarta a gajiye. "Tun da gari ya waye na fita, na bi kududdufan bayan unguwarmu har na sami mai kore sosai. Kin ce bushewa ce ta kashe waccan. To wannan ko rana ba ta gani ba, har da ruwanta na ɗebo na juye duka. Ki yafe min, ban san haka abin yake a ranki ba."

"Na ce mata ta jira ki dawo," in ji Malam Ɗahiru. Ummulkhairi ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta dire kwalbar, ta zura hannu cikin akwatin har kafaɗa, da hannun rigarta da komai, tana laluben ƙasa. Ta samo Gwaggo a lungun dutsenta, ta ɗago ta a tafin hannu, ta buɗe kwalbar Legas ta saka ta a ciki, don shi ne kaɗai tsaftataccen ruwan gishirin da ya rage a gidan. Ta durƙusa tana kallo. Kifin ya kwanta a kan koriyar ciyawar, farar ɗamarar ta yi dauɗa. Kumatunta suka buɗe suka rufe, suka sake buɗewa a hankali. Daga nan ba su ƙara motsi ba.

Ummulkhairi ta daɗe a durƙushe, ruwan laka yana ɗiga daga hannunta. Ba ta taɓa jin fushi irin wannan ba. Ta so ta yi ihun da za a ji a titi, ta so ta ɗauki bokitin ta fasa gilashin kowa ya huta. Ta juyo da maganar cike da bakinta, sai idonta ya sauka a kan daɓen falo. Jini ne, ya bi sawu tun daga ƙofa har inda yayarta take zaune. Diddigen Yaya Hasana a tsage yake, laka ta cika ciwon, ita ko ji ba ta yi ba, don ciwon suga ya daɗe da kashe mata tafin ƙafa. Ummulkhairi ta san abin da lakar kududdufi take yi wa irin wannan ƙafa. Ta ga waɗanda aka yanke wa ƙafa a kan abin da bai kai haka ba.

"Malam, tafasasshen ruwa da akwatin magani. Yanzu."

Ta zauna a ƙasa ta jawo ƙafar ta ɗora a cinyarta. Ba ta yafe ba, ba ta ma san ranar da za ta iya ba. Ta fara wanke lakar, haƙoranta a dantse, hawaye masu zafi suna sauka a kan zanin yayarta.

Yaya Hasana tana ta miƙa wuya tana leƙen kwalbar. "Ta farfaɗo ko? Tawa ciyawar ta yi mata amfani?"

"Ta mutu, Yaya," in ji Ummulkhairi, ba ta ɗago kai ba. "Daina motsi, akwai fasasshiyar kwalba a ciki."